'Yan Shafe da Hoton Mai Shari'a

Litinin, da yamma

Yau na yi wa masu ilimi dako. Auta ce ta kira ni da safe, wai in zo da mota in kwashe musu zane-zane zuwa inda za su baje koli. Auta 'yata ce, ita ce ta fari ita ce ta ƙarshe. Da wasa na fara ce mata Auta, wasan ya zama gaske. Ta yi karatun zane har jami'a. Ni kuwa a aji huɗu na firamare na tsaya, shi ma sau biyu na yi shi don malamai ba sa son rabuwa da ni.

Wurin tsohon siton siminti ne a bayan layin dogo. Na san shi, na sha loda buhu a ƙofarsa. Yanzu sun shafe bangon da fari, sun rataya fitilu, sun ajiye wata yarinya a bakin ƙofa tana yi wa mutane sannu da zuwa kamar ana cire mata haƙori. Unguwar duk ta koma haka. Inda mai walda yake a da, yanzu shagon kofi ne, samari masu yagaggen wando suna zaune suna kallon sama. A zamaninmu in wandonka ya yage a gwiwa kai talaka ne. Yanzu sai kana da hali.

Allunan duk girmansu ɗaya, kamar ƙofar banɗaki, kowanne a naɗe cikin bargo. Na ɗaure su yadda nake ɗaure katifa. Wani mai gemu har ƙirji ya ce, "Dattijo, a hankali, rai ne ka ɗauko."

Na ce, "Ɗana, na ɗauki firiji, na ɗauki injin niƙa, na taɓa ɗaukar bijimin da ya haukace. Ran naka zai isa lafiya."

Ashe shi ne shugabansu. Gemu zan riƙa ce masa.

Talata, bayan azahar

Na koma ɗauko igiyata. Mai gadin wurin tsohon abokin lodi ne, ya zaunar da ni ya karanta min unguwar kamar taswira. Wai ƙungiya-ƙungiya ne, kuma ba sa ga maciji da juna. Akwai masu tsinto bola su manna a katako. Akwai masu watsa fenti da tsintsiya su ce fushin birni ne. Akwai wasu da ba sa zana komai, sai su zauna a ɗaki su yi shiru a zo a kalle su. Na ce ai ni ma na iya wannan, mai gida na bin ni haya na yi ta yi.

Su Auta kuma sunansu 'Yan Shafe. Kowa ya zana abin da ya fi ƙauna, da iyakar gwanintarsa, a rataye mako uku jama'a su gani. Ran rufewa kowa ya ɗauki rola da farin fenti ya shafe nasa a gaban mutane. Ba a sa suna a jiki, ba a yarda a ɗauki hoto. Waya ma a ƙofa ake karɓe ta.

Na ce, "To me ya rage?"

Mai gadi ya ce, "Tafi."

Da na sani tun ina yaro da ban wahala ba. Duk abin da na taɓa a rayuwa sai da na ɓata shi, ko mutum ɗaya bai tafa min ba.

Alhamis, bayan magariba

An buɗe. Na sa farar rigata, na je don kada a ce yarinya ba ta da uba. Ana yawo da lemo a kofi ɗan mitsitsi, kurɓa ɗaya ka ga gindinsa. Kowa ya ɗora hannu a haɓa yana cewa "hmm". Na ɗora nawa ni ma, na fi su iya hmm ɗin.

Gemu takalminsa ya zana. Abin da ya fi ƙauna kenan a duniya, kuma Allah ya sani uwarsa na da rai. Wani ya zana kyanwa. Wata ta zana taga. Na yi ta bin bango ina cin dariya a ciki har na kai lungun ƙarshe, inda na Auta yake.

Ba ta faɗa min ba.

Ni na ɗauko shi a motata, na ɗaure shi da igiyar katifa, har na ɗora taya a kai don kada iska ta ɗaga shi.

Lemon nasu bai karɓe ni ba. Na fita da wuri.

Juma'a, da safe

Ba zan koma ba. Ba ruwana.

Asabar, da la'asar

Hanya ce ta biyo da ni. Akwai benci a gaban zanen, ga sanyin na'ura kyauta, shi ya sa na zauna.

Uwarta ce. Mai Shari'a. Haka nake kiranta, don duk barkwancin da na yi sai ta saurara har ƙarshe, fuska a ɗaure, ta yanke hukunci: "Wannan bai kai ba." Sai ta shiga kicin in jiyo dariyarta tana haɗuwa da ƙarar tukwane. To wannan fuskar ce a jikin allon, ta daidai lokacin da dariya ta taso ta danne ta. Leɓe a tsuke, kumatun hagu ya ɗan motsa, ido yana cewa ka ci gaba mu gani.

Ba ta son hoto. In an ɗaga waya sai ta kare da mayafi. Ɗaya tak muke da shi, na katin shaida, inda ta fito kamar an kama ta da akuyar sata. Shekara biyu kenan ina kallon wannan mai satar akuyar ina neman matata a ciki.

Zanen dai ba laifi. Kunnen ya ɗan yi girma.

Lahadi, da hantsi

Na kira Auta. Tun rasuwar uwarta ba ta ƙara kwana a gida ba, tana haya da ƙawayenta a can unguwar masu yagaggen wando. Ranar ma tana wani gari wajen baje koli, kafin ta iso an kai. Ba mu taɓa zancen ba, kuma ba yau zan fara ba.

Na ce, "'Yar Baba, wannan shafe-shafen naku, har da na lungu?"

Ta ce, "Har da shi, Baba."

"Ba a ɗan yi wa tsofaffi rangwame? Ko a makaranta ana yafe wa mai ciwon kai share fili."

"Doka ce. Kowa ya yarda kafin ya fara."

"Wa ya kafa dokar? Gemu? Mutumin da ya kasa shafe abin da ke fuskarsa?"

Ba ta yi dariya ba. Jinin uwarta ne. Sai dai wannan ba ta shiga kicin daga baya. Ta ce tana da aiki, ta kashe.

Ni fa ba wani abu ba ne. Asarar fenti nake ji.

Talata, da yamma

Na tare Gemu a shagon kofi. Na ce bari in bi ta sama, kamar yadda ake yi in an kama maka mota. Ya ja min kujera da ladabi, wannan kam ba zan ci haƙƙinsa ba. Ya sa aka kawo min kofin nan nasu. Na kurɓa, na tuna wani maganin tsutsar ciki da aka ɗura min ina yaro.

Na ce, "Ɗana, wannan na lungu uwar yarinyar ce, kuma ba mu da wani."

Idonsa ya yi haske kamar na ce masa ya ci gasa. Ya ce, "Baba, ai shi ya sa ya fi kowanne ƙarfi! Birnin nan ya cika da hotuna. Allon talla, waya, jikin bas. Mutane sun daina gani. Mu muna mayar wa ido yunwarsa. Abin da za a rasa shi kaɗai ake kallo da gaske."

Na ce, "Kai me ka taɓa rasawa?"

Ya yi tunani da gaske, bawan Allah. Ya ce ya taɓa rasa jakarsa a filin jirgi, da duk littattafan zanensa a ciki.

Na ce Allah ya jiƙan jaka.

Abin haushin, maganarsa ta bi ni har mota. Yaushe rabon da in kalli wani abu awa guda ban yi magana ba? Dama shi mahaukaci in ya yi ta harbi wata rana zai sami tsuntsu.

Laraba, da azahar

Na je. Na bar lodin katako ya wuce ni. Katako ba ya ƙarewa a duniya.

Alhamis, da azahar

Na je.

Juma'a, bayan la'asar

Yau na zama abin kallo. Wani siriri mai gilashi, wai shi ke rubuta wa jarida abin da ya kamata mutane su ji in sun ga zane, ya zagaya ni sau biyu yana rubutu. Ya sunkuyo ya yi raɗa: "Kai ma cikin aikin kake?"

Na ce, "A'a, yau ba ni da aiki, motar tana waje."

Ya ce, "Madalla!" ya rubuta wannan ma.

Mai gadi ya ce yanzu mutane na tambaya a ƙofa ko tsohon yana ciki. Wasu 'yan mata sun zauna a bayana suna kallon ƙeyata. Ɗaya har da hawaye. Ƙeyar da wanzami ke aske ta yana hamma.

Da Mai Shari'a na nan da na ba ta labarin nan da ƙari. Na ba ta, a hankali, da mutane suka ragu. Ba ta ce bai kai ba.

Asabar, da rana

Na sami Madam mai gidan, wadda ta mayar da siton siminti wurin hmm. Ran Litinin "kai direba" take ce min. Yau na zama "Baban mai zanenmu". Na tambaye ta ko mutum zai iya sayen zane kafin a shafe. Ban san da me zan saya ba, amma akwai motar da zan sayar, kuma har yanzu ina da ƙafafu biyu.

Ta yi 'yar dariya ta hanci. Wai ba a sayarwa kafin, sai bayan.

Na ce, "Bayan me?"

"Bayan an shafe, Baba. Fararen ake saye. Otal-otal, ofisoshi, manyan gidaje. Duk na bana an riga an kama."

Ta yi min bayani kamar mai koya wa yaro ɗaura takalmi. In an shafe, sai a sauke su a cakuɗa, yadda ba wanda zai san na wane ne wannan. Mai saye farin allo zai samu, da sanin cewa akwai abin ƙaunar wani a ƙasa. Wai wannan rashin sanin shi ne tsadar.

Wato matar da ba ta yarda maƙwabci ya ga gashinta ba za ta ƙare a bangon otal, a saman kujerar da 'yan kasuwa ke zama suna sakace haƙori.

Na ce wa Madam, in ana neman mai kai kaya ran Litinin bayan rufewa, ina nan. Ta ce ai ba su da kamata.

Lahadi

Ba a buɗewa ran Lahadi. Wane irin wurin banza ne wannan.

Litinin, da yamma

Rikici a gidan 'Yan Shafe! Mai gadi ya kira ni har yana haƙi. Mai kyanwa da mai taga da wasu sun ɓalle, sun ce shafewa duka zalunci ne irin na masu mulki, su rabi za su shafe. Har sun raɗa wa kansu suna, Sabbin 'Yan Shafe, sun buga takarda sun manna a ƙofar shagon kofi. Gemu ya ce maciya amana ne. An yi jifa da kofi. Da ma amfaninsa kenan.

Na ji daɗi har na saya wa mota sabon madubin gefe. Rabi ma ai wani abu ne. In daga wuya zuwa ƙasa za a shafe, a shafe, riga ce kawai.

Talata, da safe

Auta ba ta bi masu rabi ba. Ita ce ma ta fara tsayawa bayan Gemu.

Yarinyar da na goya a kafaɗa na kai ta kallon jirgin ƙasa.

Laraba, da hantsi

Zan rubuta wannan yadda ya faru, ko da ban fito da kyau a ciki ba.

Na shirya sata. Na gaya wa mai gadi ya tafi shan shayi da sassafe ya manta ƙofar baya a buɗe. Na zo da bargo da igiya, na ajiye mota a bakin lungu, na shiga da sanɗa. Ɓarawo mai tumbi da ciwon gwiwa, takalmi yana ƙiiƙii.

Tana zaune a kan bencina.

Ba ta juyo ba. Ta ce, "Baba, tun daga layin dogo na ji salansar motarka."

Na ce, "Awo na zo yi. Don ran Litinin."

"Da bargo?"

"Sanyin na'urar nan ba ya min daɗi."

Ta matsa, na zauna. Muka yi ta kallon uwarta, uwarta na kallonmu kamar mun fasa mata kwano mun ƙi faɗa. Ashe kullum da safe nan take zuwa kafin a buɗe. Ita safe, ni rana. Muna karɓa-karɓa kamar masu jinya ba mu sani ba.

Can ta ce, "Wata bakwai ina zana shi. Kafin in fara, in na rufe ido ina ganinta tana tafiya, tana juyowa, tana min faɗa. Yanzu in na rufe ido wannan nake gani. Fuska ɗaya, ba ta motsi. Na san inda na gyara hanci, na san kalar da na haɗa na yi leɓe. Ya cinye min ita, Baba. Ina so ya tafi ko za ta dawo."

Ina da barkwanci uku a baki, duk masu kyau. Ban san yadda aka yi ba na ji na ce, "Ni in na rufe ido ba na ganin komai."

Ta juyo ta kalle ni. Ban taɓa faɗa wa kowa ba. Ni ma sai da na ji a kunnena na sani.

Ta yi kuka, ni kuma na'urar ta sa min mura. Ba ta ce ta fasa ba. Ban ce ta fasa ba. Na naɗe bargona na fito. Mai gadi ya dawo ya ga mota wayam, ya ce, "Kai ko satar ma ba ka iya ba?" Na ce a aji biyar ake koyarwa.

Alhamis, da azahar

Na je. Na fara daga goshi na sauko a hankali, kamar mai haddar karatu. Na rufe ido in gwada. Kunnen kawai ya zauna, shi da ba daidai ba.

Juma'a, da yamma

Na kai wa kafinta awo, ya haɗa min katako ya ja ƙyalle a kai, girman nasu daidai. Ya ce me zan yi da shi. Na ce na shiga ƙungiya.

Asabar, bayan magariba

An yi.

Wurin ya cika har waje. Masu rabi sun yi nasu da safe ba kowa, sun kwashe kayansu cikin fushi. Gemu ya yi jawabi mai tsawo a kan yunwar ido, sannan ya shafe takalminsa yana nishi kamar mai haihuwa. Aka tafa.

Na Auta aka bari ƙarshe. Gemu ya so in riƙe mata bokiti don mutane su gani, na ce masa ya riƙe gemunsa. Amma da ta sunkuya ta ɗauki rola na ga bokitin yana nesa da ita. Haka kawai na tsinci kaina a tsaye da bokiti. Ba don shi ba.

Ta fara daga sama. Na ce a hankali, "Fara daga ƙasa."

Ta fara daga ƙasa. Riga ta tafi. Wuya. Da ta zo haɓa ta tsaya ta tsoma rola, ta daɗe tana tsomawa. Ko hmm ɗaya babu a ɗakin.

Ban kalli sauran ba. Fentin cikin bokiti na kalla. Fenti ne mai kyau, ba a tsinka shi da ruwa ba.

Tafin da aka yi kamar rufin zai faɗo. Mai gilashi ya kama hannuna da hannu biyu ya ce bai taɓa ganin uba irina ba. Na ce ni ma.

Da fenti ya sha iska aka sauke su, aka shiga cakuɗawa. Yara huɗu suna ɗauka suna zagayawa suna musanya, kamar masu wasan kati a tasha. Na kafa wa namu ido. Ya bi hagu na bi shi, ya shiga bayan wani na jira shi ya fito. Sai wata mata mai ɗaurin kai kamar buhun auduga ta gitta ta gabana. Da ta wuce, duk farare ne a jingine.

Ina jin na uku daga taga ne. Ina ji.

Lahadi, da rana

Na fito da allon kafinta tsakar gida. Na ce ba zan cuci mutane ba, sun sayi fari mai abu a ƙasa, to za su sami abu a ƙasa. Na zana musu kaza da ragowar fentin mota. Maƙwabciyata ta leƙo ta ce wannan jirgin sama ne? Na shafe da fari, na sake shafewa. Ya fito sak. In ban faɗa ba, ko Gemu zai yi masa hmm.

Litinin, da yamma

Na kai kaya. Na uku daga taga na sa shi can ƙurya, kazata ta shiga layi. Wani babban otal ta samu, bangon da ke fuskantar ƙofar shiga. Manajan ya ja da baya ya karkata kai ya ce yana jin wani nauyi yana fitowa daga ciki. Na ce ranka ya daɗe, kowa haka yake cewa.

Aikina na farko kenan, kuma yana otal. Wasu sai sun yi jami'a.

Ɗayan yana ɗakina, a kan ƙusar da agogo yake a da. Allah na gani, ban ɗauki kayan kowa ba. Matata na dawo da ita gida.

Talata, da safe

In ita ce.

Laraba, da la'asar

Na haska da tocila. Na kalla ta gefe. Na jiƙa yatsa na goga lungu. Fari ne kawai, kamar bangon asibiti.

Jiya na ba shi labarin manajan otal tun daga farko, har da kwaikwayon murya. Ina tsakiya sai wani tunani ya zo min: in fa takalmin Gemu ne? Mutum da furfurarsa ya zauna yana yi wa takalmin wani hira, har yana share ido.

Na yi tunanin kankarewa da reza. Na ɗauko rezar ma. In na kankare na ga takalmi, shi kenan ta tafi otal ko ofishin wani, ban san wanne ba. In na ga ita ce, na yanka mata fuska da hannuna, na kuma karya wa yarinya abin da ta yi da kuka. Na mayar da reza na yi aski da ita.

Alhamis

Ban fita ba. Mota ma tana son hutu.

Asabar, da yamma

Auta ta zo. Ba ta kira ba, sallamarta kawai na ji a tsakar gida, da 'yar jaka a kafaɗa. Na yi wuf zan jefa bargo a kan allon, gwiwa ta ce ba da ita ba.

Ta tsaya a bakin ƙofa tana kallon bango. Na ce, "Ado ne. Yanzu haka ake yayi, ke ba ki sani ba?"

Ta ce, "Madam ta ce duk an kai, ba wanda ya ɓata."

"To ai kin ji."

"Baba, me ka kai musu?"

"Kaza."

Ta tsuke baki. Ta ajiye jaka, ta je gaban allon, ta buɗe labule haske ya bugi gefensa. Ta ɗora tafin hannu a kai tana bi a hankali, ido a rufe, kamar likita na duba ciki. Ta bi sama, ta sauko ƙasa, ta tsaya a wani wuri kusa da ƙasan, ta daɗe a nan.

Na ce, "In takalmi ne kada ki faɗa min. Mun riga mun saba."

Ta ce, "Ita ce."

Na zauna a bakin gado, don dama can ina son zama.

"Amma Baba," ta ce, "a juye ka rataye ta. Tun yaushe take tsaye a kan kanta?"

Na ce tun Litinin.

Ta kama gefe ɗaya, ta ce in kama ɗayan. Muka juya ta.